Damin Kiraren Nomau

Birnin Konni,
bayan Babbar Salla.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Isuhu, autan gidana.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa motar ba ta yi muku halinta a hanya ba. Allah ya tsare ka daga sharrin tafiya da sharrin baƙunta, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda gwamnati ta tura ka, ya sa manoman Illela su ji daɗin sabon malamin gonarsu.

Na cusa wannan takarda a jakarka ƙarƙashin dardumar salla, don ina kyautata zaton nan hannunka zai fara zuwa. In kuwa sai da ka kwana ka wuni kafin ka gan ta, to ina da wata maganar da kai, amma ba yau ba. Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san yadda ka baro shi: ni ne, da akuyar nan mai cin igiya, da rediyo. Ni da kai ba mu saba doguwar hira ba. Na san in muka je tasha abin da zai fito daga bakina bai wuce "ka riƙe salla, ka kula da kayanka" ba, sai in juya da sauri don kada ka ga idona. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Tun ranar da ka shigo da takardar aikinka ka ce Illela aka kai ka, na tambaye ka, "Wace Illelar?" Ka yi dariya ka ce, "Baba, gwamnatin Nijar za ta tura ni Illelar Najeriya?" Na san ta Adar ce. Na tambaya ne don in samu abin faɗa, domin gabana ya faɗi. A wani ƙauye gabas da garin akwai wani tsoho mai suna Nomau. Kana yaro ƙarami yana zuwa gidanmu, shi ne mai kawo maka goruba a aljihu, mai ɗaga ka sama ya ce kanka ya fi na ubanka kyau, amma ba yabo ba ne, don na ubanka ba kai ba ne, tulu ne. Wataƙila ka tuna shi, wataƙila ka manta. Ɗan Gwaggo Tani ne, ƙanwar mahaifina. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji. Taubashina ne ke nan, kuma duk duniya ba ni da wani.

Ku yaran yanzu kun san sunan shara, kun san ana cin tuwo a ƙoshi daren cika-ciki, amma a gidanmu ba ka ga yadda ake yin ta ba tun da ka yi wayo, kuma ni na jawo. A Konnin da na tashi, tun ranar layya ake soye wutsiyar rago a ɓoye ta, sai watan shara ya kama a fito da ita a yi miya. Da safe gari ya kaure. Kowane ɗan mace ya ɗauki tsintsiya da ɗan damin kirare ya nufi gidan ɗan kawunsa, domin a al'ada ɗan namiji ubangida ne, ɗan mace bawansa. Bawan nan zai share ƙofar gida, ya ajiye kirare, sannan ya buɗe baki ya wanke ubangidan tas a gaban matansa da 'ya'yansa. Ba a fushi. Ubangida ya rama in yana da baki, in ba shi da shi ya sha, daga baya ya fito da abin shara ya bayar, hula ko riga ko abin da ya sawwaƙa. Har masu sarauta ba su tsira ba. Na ga mai unguwarmu da rawaninsa yana gudu daga wata tsohuwa mai tsintsiya, unguwa na ta shewa.

Nomau tun daga Adar yake ɗauko nasa kiraren. Sabara ce yake sarowa a bayan gonarsu, ya ɗaure, ya biyo jaki ko motar kasuwa da ita har Konni, kamar mu nan ba mu da itace. In na ce masa haka sai ya ce, "Iccen Konni kamar mutanen Konni na, hayaƙi ɗai, babu wuta."

Kuskurena na farko tun muna yara na yi shi. Kakanmu, mahaifin babana da Gwaggo Tani, yana da wata ɗabi'a. Duk ranar shara, in an gama hayaniya, sai ya kama hannuna ya kama na Nomau ya zagaya da mu inda ganuwar birni take. A lokacin akwai sauranta, tudun jar ƙasa nan da can, awaki na hawa. Ya tsaya ya nuna da sanda ya ce, "Nan ƙohwa take. Ku diba da kyau, wata rana ko tudun ba ku gani." Ya faɗi sunan ƙofar, da mutanen da ke shigowa ta nan, da abin da suke kawowa: masu gishiri daga arewa, fatake daga Sakkwato, Gobirawa in ana zaman lafiya da su, Gobirawa kuma in ba a yi. Ni ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, kaina cike da Faransanci. Yana magana ina bitar karatuna a zuci, ina ganin tsohon nan ɓata mini lokaci yake. Nomau, wanda bai taɓa riƙe alli ba, shi ke tambaya.

Abu ɗaya ne ya zauna mini, shi ma don Kaka ya sha maimaita shi. Shekarar da sojan Nasara suka faɗa wa birni suka sa masa wuta, Kaka yana ɗan ƙarami, bai iya gudu ba. Aka watse, uwa ba ta ga ɗanta ba. Wanda ya saɓa shi a baya taubashinsa ne, wani saurayi da ake kira Bawa. Kaka yakan ce, "Shina gudu shina zagina. Ɗan banza, mi kac ci kay yi nauyi haka? Bari mu kai hwadama in saida ka in sai goro. Ni ko haushinai ya cika ni, ina bugun ƙeyatai. Haushin nan shi yah hana ni jin tsoro. Sai da munka tsira nig ga ƙahwahunai duk jini." Daga nan sai ya dube mu ya ce, "Kun ji abin da a taubashi."

In yau ka tambaye ni sunayen ƙofofin nan, biyu zan kawo maka, su ma ban rantse ba. Ganuwar kuwa an haƙe ta an yi tubali, har ɗakin da ka taso a ciki akwai ƙasarta, ni na sa aka ɗebo. Saboda haka, Auta, in ka je gonar dattijo duba masa hatsi ya kama ba ka labarin wanda ya fara saran dajin wurin, kada ka duba agogo. Ajiye littafinka ka zauna. Illela garin sarauta ne, tsofaffinsu suna da abin faɗa, kuma ba kullum za ka same su ba. Takin zamani zai jira ka.

Kuskure na biyu ya shigo a hankali, ban ji shigarsa ba. Da muka zama samari, ba bikin da ke wuce mu ni da Nomau. In an kai amfanin gona gida aka fara kokawa a dandali, muna gaba, shi yana yi wa ɗan kokawar Adar kirari ni ina yi wa na Konni, in nasa ya sha ƙasa ya ce an yi masa asiri, in nawa ya sha ya bi ni har gida da waƙa. In sanyi ya ja baya aka sa ranar buɗin daji a Masallata, ya zo mu tafi da ƙafa. Ka san wurin, gindin dutsen nan. Arna su taru, tsofaffinsu su yi abin da suka gada, su faɗi yadda suke ganin daminar bana, sannan a ba maharba izinin shiga daji. Mu abin da ke kai mu kiɗa ne da taro, da 'yan mata masu tallan fura, da ganin mutanen da sai shekara-shekara ake haɗuwa. Kaka mai salla ne, goshinsa har da tabo, amma yakan je ya gaishe da dattawan wurin. Yakan ce, "Gaibu sai Allah. Amma su munka iske nan, ba a wuce maigida ba a yi mai sallama ba."

Da na samu aikin komi, wato akawu, a wani kamfanin ɗaukar kaya a Malbaza, na ɗinka wando da kwat, ana ce mini Mushe, wato yallaɓai a bakin masu Faransanci, na fara jin waɗannan abubuwa sun yi mini ƙanƙanta. Nomau ya zo ya ce mu tafi Masallata, na ce aiki. Wata shekara na ce ciwon kai. Wata shekarar na ce malamai sun hana. Ƙarya nake, ba tsoron Allah ya hana ni ba, don a lokacin ko asuba sai rana ta fito nake yi. Tsoro nake kada wani ɗan buro, wato ofishinmu, ya gan ni cikin ƙauyawa ina tsotsar rake. Ya daina tambayata. Sai ya je shi kaɗai, ya biyo da yamma ya ba ni labari, yana ƙara gishiri don in ji haushi.

Ba ina ce maka ka gaskata masu duba ba, ka fi ni karatun addini. Abin da nake ce maka shi ne, in garin da kake zaune ya fita biki, ka fita. Ka je kallon kokawa, ka je suna, ka je gayya ka karɓi hauya ko da kunya ɗaya za ka yi su yi maka dariya. Mutumin da ba a gani a wurin murna, a hankali ake mantawa da shi ranar kuka. Ni yanzu in ana kiɗa a dandali daga zaure nake ji. Ba wanda ya hana ni zuwa, amma ba wanda zai matsa mini in zauna kusa da shi, domin wurin zamana na bar shi tun da daɗewa, wasu sun zauna.

Na uku shi ne babba. Wata shekara shara ta faɗo a tsakiyar mako, ina Malbaza, don a can nake kwana sai Asabar in dawo gida. Nomau ya iso Konni da kirarensa, innarka ta ce masa ba na nan. Wani da ya ajiye ya koma. Shi kuwa ya hau motar siminti da ke komawa fanko, sai ga shi a ƙofar buro da hantsi, da takalmin taya, da tsintsiya a hammata, da dami a ka. A lokacin an kawo mana sabon darekta daga Yamai, ina ta neman shiga wurinsa, har na sayi abin ɗaure wuya. Muna tsaye ni da shi da sauran ma'aikata ana duba takardu, sai na ji muryar da na sani.

"Salamu alaikum. Ina matsiyacin ubangidan nan nau mai kan tulu?"

Kafin in motsa ya shigo ya duƙa ya fara shara a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Yana shara yana cewa, "Ku ɗaga, ku ɗaga, manya. Wanga da kuka gani ya shaƙe wuyanai da tsumma, kuna ce mai Mushe, ni ka shanya tabarmatai kullum da sahe. Hitsarin kwance ya yi har ya hwara gemu."

Aka fashe da dariya. Yau na san dariyar jin daɗi ce, irin wadda kowa ke yi ranar shara. A ranar kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na daka masa tsawa da Faransanci, harshen da na san ba ya ji, don in nuna wa mutanen wurin ni da shi ba ɗaya ba ne. Sannan na juya Hausa na ce nan wurin aiki ne, ba kasuwar ƙauye ba. Na kira mai gadi na ce ya fitar da mutumin nan.

Mutumin nan na ce, Auta. Ban ko kira sunansa ba.

Nomau ya miƙe a hankali. Ya dube ni, yana jira in yi dariya a gane wasa ne. Ban yi ba. Sai ya sa tsintsiyarsa a hammata ya ce, "Yi haƙuri, Mushe. Na ɓata ƙohwa." Ya fita da ƙafarsa, mai gadi bai taɓa shi ba. Damin ya bar shi a bakin ƙofa.

Darektan nan da na yi abin dominsa, Bazabarme ne, ya cire tabarau ya ce da ni da Hausarsa mai tsami, "Komi, taubashinka ne? Mu ma muna da wannan a wurinmu. Da nawa ne ya zo, kujerata zan ba shi." Ya koma kan takardunsa. Da la'asar mai gadi ya karya kiraren ya dafa shayi da su, aka miƙo mini kofi, na karɓa na sha.

Kai ma yanzu Mushe za su riƙa ce maka. Za ka ji daɗinsa, ba laifi. Amma ranar da wani naka ya shigo buronka da ƙafa duk ƙasa ya kira ka da sunan da ake tsokanarka da shi kana yaro, ka tashi ka tarye shi. Kada ka tsaya duban fuskar manyanka, su ma kowannensu akwai wanda ya shanya masa tabarma. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa shi, na san nauyinsa.

Da na dawo gida Asabar, innarka ta riga ta ji, direbobi ba su riƙe magana. Allah ya jiƙanta, ba mace ce mai yawan faɗa ba. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, tashi ka tahi Adar gobe. Abin ga ɗanye na, yanzu aka tanƙwara shi." Na ce taubashi ba ya fushi, shara mai zuwa zai zo da kansa. Shara ta zo, na hana a share zaure tun jajibiri don ya samu abin sharewa. Na sa riga na zauna. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Yaran maƙwabta suna ta wucewa da tsintsiya. Da magariba innarka ta fito ta share zauren da kanta.

Ka tuna kana tambayata me ya sa duk shekara akwai ranar da nake hana ka shara, har kana murna ka huta? Dalilin ke nan.

Sai ga shekarar fari, wadda aka rufe iyaka, hatsi ya gagari talaka. Ka isa tunawa, lokacin da mutanen arewa suka cika bakin kasuwa da yaransu. Muka ji Adar abin ya fi muni, har 'ya'yan anza masu ɗacin nan na daji ake jiƙawa ana ci. Ni ina da albashi. Na ce ga dama ta samu. Da watan shara ya kama na sayi buhun hatsi na ba wani direbanmu mai bin hanyar Tawa, na ce ya kai wa Nomau ya ce abin shararsa ne. Innarka ta ce, "Kai za ka bi buhun, ko buhun za ya tahi shi ɗai?" Na ce aiki ya yi yawa. Ta ce, "Zumunta dai a ƙahwa take."

Buhun ya dawo yadda ya tafi, ko ɗinkin ba a kwance ba. Direban ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce ga saƙon da aka ba shi: "Ka ce ma Mushe mun gode, Allah shi ƙara girma. Amma bana ban share ma kowa gida ba, ba ni cin ladan aikin da ban yi ba." Na yi fushi, na ce talaka da girman kai. Ka ji fa, ni ke faɗin haka. A ranin nan Nomau ya sayar da jakinsa ya bi ta daji ya shiga Najeriya neman abin da zai ciyar da gida. Ta Konni ya bi. Innarka ta gamu da shi a kasuwa, ya gaishe ta da kyau, ya laluba aljihu ya ba ta goruba ya ce ta kai maka. Daga inda suka tsaya ana hango ƙofar gidanmu, bai shigo ba.

In ka ɓata wa mutum, Auta, kada ka aika. Kada ka aika kuɗi, kada ka aika hatsi, kada ka aika dattijo mai iya magana. Abin da ka ɓata da bakinka a gaban mutane, da bakinka za ka gyara shi, kuma a gaban mutane. Kyautar da aka aika don a guje wa ido, mai hankali yana jin warinta tun daga nesa.

Sau ɗaya muka sake haɗuwa, ranar da Gwaggo Tani ta rasu. Na je a motar kamfani. Ka san ko a gidan mutuwa, in tsohuwa ce ta cika da shekarunta, taubasai da jikoki ba su barin wasa, da shi ake rage wa masu makoki nauyi. Ina sauka na hango shi a kan tabarma, ya rame, gemu ya yi fari. Na ce a raina yanzu zai ce wani abu a kan kaina ko cikina, in samu ƙofa. Sai ya tashi da sauri ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, an sha hanya. Sannu da ƙoƙari." Ya sa aka ɗauko tabarma mafi kyau aka shimfiɗa mini ni kaɗai a inuwa, nesa da sauran dangi. Aka yanka mini kaza. Duk abin da na ce, ya ce, "Gaskiya na, ranka shi daɗe." An zage ni a duniya, har a gaban alƙali an taɓa ci mini mutunci, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar ladabin nan ba.

Ina zaune ina ganin sauran 'yan'uwa can suna cin tuwo a akushi ɗaya, wani na fizge wa wani loma. Na ce bari mutane su ragu in kira shi gefe. Mutane suka ragu, direba ya ce rana na faɗuwa, hanya ba kyau. Na tashi. Ya raka ni har mota, ya buɗe mini ƙofa.

Abin da ya biyo baya ka sani. Kamfani ya rufe, kwat ɗin asu ya cinye shi a akwati. Yayyenka kowa ya kama gabansa, ɗaya a Abijan, ɗaya a Yamai, sai gaisuwa a bakin matafiya. Innarka ta tafi inda ba a dawowa. 'Yan buron da na ji kunyarsu, ko ɗaya ban san inda yake ba yau. Mutane suna girmama ni a unguwa, ba zan yi musu ƙarya ba. Kowa Alhaji, kowa sannu Baba. Na kai shekarun da duk garin nan ba mai iya duban idona ya ce kaina kamar tulu. Ba ka san kaɗaici ba sai ranar da ka rasa mai zaginka. Ina jinsa, Auta, ina jinsa ƙwarai, kuma da ka tafi zai ƙaru.

Kwanan baya wani mai sayen wake da ke zuwa ƙauyensu ya gaya mini idanun Nomau sun yi rauni, sai an ja shi zuwa masallaci. Ya ce amma bakin yana nan, yara na taruwa yana ba su labarin birnin Konni da ƙofofinsa, su da ba su taɓa ganin Konni ba. Ka ga abin da Kaka ya bari yana can Adar a bakin makaho, ni kuwa da nake kwana a kan ƙasar ganuwar ba ni da komai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da aka ce Illela za ka, na tsallaka kasuwar iyaka na sayi riga mai kyau da hula. Niyyata in sa maka a jaka, in rubuta maka kwatancen ƙauyen, ranar shara ka kai masa ka ce in ji babanka. Har na naɗe ta na sa. Ina cikin rubuta maka maganar buhun hatsi sai na ajiye alƙalamin, na je na fitar da ita. Buhun nan ne dai ya sake dawowa, na ɗinka masa hannu da wuya, kuma wannan karon ɗana zan mayar direba. Tsufa bai hana ni wauta ba, amma ya sa ina gane ta kafin ta yi nisa.

Saboda haka ba na aike ka ba. Kwana biyu ke nan da na ajiye alƙalamin, sai yau na sake ɗauka. Jiya da safe, da ka ga na fita da gatari ka tambaye ni na ce turken akuya zan saro, hanyar Tsarnawa na bi na saro sabara. Bayana har yanzu yana gaya mini. Na ɗaure dami, na sayi sabuwar tsintsiya, suna bayan ƙofar ɗakina. Na san ɗan namiji ba ya ɗaukar kirare, ba a taɓa yi ba, duk wanda ya gan ni zai ce tsohon komi ya zautu. Su faɗa. Shi ya share ƙofata shekara da shekaru, ban ga abin da zai ragu a jikina ba in na share tasa sau ɗaya.

In watan shara ya tsaya, ka jira ni a tashar Illela ranar jajibiri. Za ka ga tsoho ya sauko da babbar riga da damin kirare a ka. Ubanka ne, kada ka ji kunya ko da abokan aikinka suna wurin. Kuma kada ka karɓar mini, na san halinka, za ka miƙo hannu. Ka nemo mana amalanke zuwa ƙauyen, in mun kusa in sauka in ƙarasa da ƙafa, kai kana biye. Abin da nake so da kai shi ne ka tsaya inda za ka gani, ka ji da kunnenka.

In na yi sallama na fara shara, ya gane muryata ya ce a kawo wa Alhaji tabarma, to ka zo ka kama hannuna mu juya, kada ka ce komai, ni na saya. In kuwa ka ji ya ɗaga murya ya tara ƙauyen, ya ce ku zo ku ga mai fitsarin kwance ya zo neman aikin bara, kada jininka ya hau don an taɓa ubanka. Ka yi dariya, ka fi kowa dariya. Sannan ka zauna kusa da shi ka tambaye shi sunayen ƙofofin, ka rubuta mana.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya ba ku damina mai kyau, ya sa hannunka ya zama alheri a gonakin mutane. Ya raba ka da ciwo, da mugun aboki, da irin halin ubanka na ƙuruciya. Ya jiƙan innarka, ya kai haske kabarinta. Ka riƙe salla, ka kula da kayanka.

In ka shimfiɗa dardumar nan ka gama roƙon naka, ka sa ni a ciki. Ba tsawon rai nake so ka roƙa mini ba. Ka roƙa mini Allah ya sa Nomau ya zage ni.

Ni ne mahaifinka,
Abdu.